Kangon cocin Quarai: wa ya gina shi, ina mutanen garin suka tafi?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a birnin Albuquerque na Amurka. Kwanakin baya ya turo mini hotunan wani wuri da suka je da abokansa, wai shi Quarai. Wani ƙaton kango ne na jan dutse, babu rufi, ya ce coci ne na Turawan Sifaniya tun kusan shekara ɗari huɗu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wurin daji ne, ko bukka ɗaya ban gani a kusa ba. To wa aka gina wa coci mai girma haka? Ina mutanen suke? Shi yaron ya ce kashe su aka yi duka, maigidana kuma ya ce ai da kansu suka karɓi addinin suka narke cikin Turawa. Don Allah a warware mana." Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron sa'ar karatu, ya dawo miki da shi lafiya. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: hannun wa ya tayar da wannan gini, sannan me ya cinye garin da aka yi ginin dominsa. Na daɗe ina koyar da tarihin wannan yanki, wato jihar New Mexico ta yau, Quarai ɗin ma na taka shi da ƙafata. Ɗanki da Alhaji kowa ya riƙo wani gefe na maganar. An kashe mutane da yawa, an kuma yi wa dubbai baftisma. Amma mutanen ba su ƙare ba. Jikokin wasu daga cikin mutanen Quarai suna garin Isleta, wanda daga Albuquerque bai wuce tafiyar minti ashirin a mota ba.

Ki sake buɗe hotunan ki duba gefen kangon. Za ki ga wasu 'yan tuddai da ciyawa ta lulluɓe, kamar tsohon juji. Garin ke nan. Ranar da na fara zuwa ni ma wuce su na yi, na nufi dogon bangon ina ɗaga kai, don tsayinsa ya kai kamar mita 12, ga shi ja wur a tsakiyar koren itatuwa. Sai da na fito wani ma'aikacin wurin ya nuna mini cewa tuddan da hanyar ƙafa ta kewaye ɗakunan mutane ne da suka rushe, ƙasa ta binne su, kuma yawancinsu ba a tona ba har yau. Kunya ta kama ni, ina malamin tarihi na wuce kufan gari na tafi kallon ginin baƙi.

Mutanen da Turawa suka tarar

Sifaniyawa sun kira su Pueblo, wato "gari" a harshensu, saboda sun same su zaune a garuruwa masu gine-ginen dutse da na ƙasa, hawa biyu, uku, har huɗu, ana shiga da tsani ta rufi. Manoma ne na masara da wake da kabewa da auduga, suna kiwon talo-talo, suna saƙa da ginin tukwane. Hoton nan na finafinai, mutum kan doki da gashin tsuntsu a ka, ki ajiye shi gefe, don doki ma Turawan ne suka kawo shi. Kowane gari cin gashin kansa yake yi, kuma harsunansu ba ɗaya ba ne: akwai Tiwa, Tewa, Towa, Keres, Zuni, Hopi, da Piro. Mutanen Quarai Tiwa suke yi. Maƙwabtansu na Abó da Las Humanas, wanda yanzu ake kira Gran Quivira, suna yin Tompiro, ɗan'uwan Piro.

Waɗannan garuruwa uku su ake kira Salinas, saboda tafkunan gishiri da ke gabas da su. Duk wanda ya san abin da gishirin Bilma ya yi wa kasuwannin ƙasar Hausa zai gane matsayinsu nan take. Mafarautan ɓauna na filayen gabas, irin su Apache, kan zo da fatu da busasshen nama su koma da masara da mayafan auduga, gishiri kuma ya bi hanya zuwa garuruwan kogin Rio Grande.

Kowane gari yana da kiva, wato ɗakin ibada da shawara da ake haƙawa a ƙasa, a sauka da tsani. Addininsu ya rataya ne a kan ruwan sama. Akwai raye-rayen kachina, inda maza kan sa fuskokin da ke wakiltar ruhohin da ke kawo hadari. A ƙasar da damina kan yi gardama, wannan rawa a wurinsu wani ɓangare ne na aikin noma, kamar shuka. Ki riƙe wannan, don a kansa rigimar gaba ɗaya za ta tsaya.

Wani abin da ɗalibaina kan yi mamaki: baƙon farko daga ƙetaren teku da ya isa ƙasar Pueblo ɗan Afirka ne. Sunansa Esteban, bawa ne daga garin Azemmour na Maroko, aka tura shi gaba ya share wa wani fada, wato limamin cocin Katolika, hanya, mutanen Zuni suka kashe shi a Hawikuh a 1539.

Yadda mishan ta zauna

Mamaya ta sosai ta fara ne a 1598, lokacin da Juan de Oñate ya shigo daga Meziko da sojoji da iyalai da dabbobi da limaman ɗariƙar Faransiskan ta cocin Katolika. Bai yi shekara ba ya nuna kowane ne shi. Mutanen Acoma sun kashe ɗan 'yar'uwarsa da wasu sojoji a kan rikicin karɓar abinci, shi kuma a Janairun 1599 ya sa aka ƙone garin, aka kashe ɗaruruwa, ya yanke hukuncin a sare ƙafa ɗaya ta duk namijin da ya wuce shekara 25. Labarin ya zaga ko'ina. Don haka idan Alhaji ya ce da kansu suka karɓi addini, sai a tuna cewa duk garin da fada ya shiga bayan wannan, mutanensa sun riga sun ji abin da ya sami Acoma.

Oñate azurfa da zinariya ya zo nema, bai samu ba. Wajen 1608 fadar Sifaniya ta yi niyyar janye mutanenta ta bar ƙasar, sai limaman suka kai rahoton cewa sun yi wa mutum fiye da 7,000 baftisma, ba zai yiwu a bar su ba. Sarki ya amince ya ci gaba da ɗaukar nauyin yankin saboda mishan, aka kafa Santa Fe a 1610. Wannan shi ne amsar tambayarki ta me ya sa coci ya yi girma haka a ƙasar talauci. Mishan ita ce hujjar zaman Sifaniyawa a wurin, kuma girman gini shi ne shaidar da fada zai nuna cewa aiki na tafiya.

Duk bayan shekara uku ayarin kekunan dakon kaya kan taso daga birnin Meziko, tafiyar kusan wata shida, ya kawo wa limaman gatari da gizago da ƙusoshi da ƙararrawa da ruwan inabi na ibada. Amma dutse da ƙasa da itace da ƙarfin hannu duk na garin ne. An fara ginin cocin Quarai a 1627, aka gama a farkon shekarun 1630. Babu siminti, babu injin ɗaga kaya. Falalen jan dutse ne ƙanana, waɗanda mutum ɗaya zai iya ɗauka, aka jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka ɗora manyan azara na itacen da aka saro daga duwatsun Manzano. Idan mutum ya matsa kusa da bangon zai ga jerin duwatsun irin na ɗakunan garin ne, hannu ɗaya ne ya yi su.

Hannun wa? Na mata da yara. Wani shugaban limaman, Alonso de Benavides, ya rubuta a rahotonsa na 1630 cewa mata da 'yan makarantar mishan ne suka gina coci-cocin, domin a al'adar Pueblo gina bango aikin mata ne, maza kuwa su ke kaɗi da saƙa da farauta da yaƙi. Ya ce in aka tilasta wa namiji ya yi gini guduwa yake yi, mata na yi masa dariya. Ke nan, Hajiya, kangon da kika gani a hoto aikin mata 'yan'uwanki ne. Maza su suka saro itace suka sassaƙa shi.

Kaya uku a kan jaki ɗaya

Mutumin Quarai a shekarun 1650 iyayengiji uku gare shi. Na farko fada, wanda ke bukatar masu gini, masu noma gonar mishan, masu kiwon tumaki, masu dafa abinci, mai kaɗa ƙararrawa, da yara masu waƙar coci. Na biyu wani sojan Sifaniya da aka ba garin a matsayin ladan aikinsa, tsarin da suke kira encomienda: kowane gida zai ba shi awon masara da mayafin auduga ko fata duk shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Na uku gwamna a Santa Fe, wanda yawanci ya zo ne ya tara abin da zai tara kafin wa'adinsa ya cika. Gwamnoni sun sa mutanen Salinas dakon gishiri da za a kai ma'adinan azurfa na Parral, can kudu, wani irin ɗiban gwamna da sau da yawa ba a biyan ladansa.

Su ukun nan kuma ba sa ga maciji da juna, kowa na zargin ɗan'uwansa da cinye ƙarfin talakawa. Rigimar ta yi tsanani zamanin gwamna Bernardo López de Mendizábal, wanda ya hau a 1659. Don ya ɓata wa limaman rai sai ya halatta rawar kachina a fili. Wakilinsa a yankin Salinas, Nicolás de Aguilar, yana riƙe da muƙamin alcalde mayor, kalmar da tushenta ɗaya da alƙalinmu, dukansu daga al-ƙadi na Larabci suka fito. Aguilar ya riƙa hana mutane yi wa mishan aiki kyauta. Limaman suka rama da makamin da ya fi nasa, wato kotun binciken aƙida ta coci, wadda wakilinta ya taɓa zama a Quarai ɗin nan. Aka kama gwamnan da Aguilar aka kai su birnin Meziko, gwamnan ya mutu a tsare a 1664. A 1661 kuma shugaban limaman, Alonso de Posada, ya haramta rawar, ya sa aka kutsa cikin kiva-kiva aka kwaso fuskokin kachina kimanin 1,600 aka ƙone.

To sun karɓi addinin ko ba su karɓa ba?

Nan ne nake taka-tsantsan ko a aji. Kusan duk takardun da muke da su Sifaniyawa ne suka rubuta, kuma kowanne yana rubutu ne don ya kare kansa a gaban sarki ko kotu. Muryar mutanen Pueblo takan fito ne ta bakin tafinta, sau da yawa a wurin tuhuma. Su kuma jikokinsu suna da nasu tarihin na baka, wanda wani sashensa na cikin kiva ne, ba a ba baƙo, kuma suna da dalilinsu bayan abin da ya faru a 1661. Ni baƙo ne, iyakata abin da suka yarda su faɗa a fili.

Abin da ya bayyana shi ne mutane da yawa sun ɗauki sabon addinin a matsayin ƙari a kan nasu. Fada ya zo da tumaki da alkama da garmar shanu da kayan ƙarfe, yana da sojoji a bayansa, ga alama yana da wani iko, to me zai hana a haɗa da nasa? Shi kuwa fada bai yarda da haɗi ba, so yake a zubar da na da ɗungurungum. Wasu sun yi imani da gaske, har sun mutu tare da limaman daga baya. Wasu sun je coci da safe, da dare sun sauka kiva.

Akwai wani abu a Quarai da ɗanki zai iya gani in ya koma. A tsakar gidan fada, jikin cocin, akwai kiva mai kusurwa huɗu. A Abó ma akwai wata, zagayayya, a daidai irin wannan wuri. Masana sun rabu a kai. Wasu sun ce an gina gidan fada a kanta ne don a nuna an danne tsohon addini. Wasu sun ce limaman farko ne suka sa aka haƙa ta tare da ginin, don su koyar da sabon addini a ɗakin da mutane suka saba jin maganar ibada. Ni na fi karkata ga na biyun, saboda yadda ramin ya zauna daidai tsakiyar filin kamar an auna su tare. Amma a Awatovi, ƙasar Hopi, masu tono a shekarun 1930 sun sami kiva a ƙarƙashin bagadin cocin kanta, an cike ta da yashi mai tsabta aka yi gini a kai. A can babu wata tantama a kan saƙon da ake son isarwa.

Abin da ya tashi Salinas

Ba yaƙi ɗaya ne ya tashi Quarai da 'yan'uwansa ba. Tun shekarun 1630 cututtukan da Turawa suka zo da su, irin su agana da ƙyanda, suke ta ɗibar mutane, don jikinsu bai taɓa haɗuwa da su ba. Sai fari ya sauka a tsakiyar shekarun 1660 ya ƙi tashi. Mutanen Pueblo sun san fari tun kaka da kakanni, maganinsu shi ne rumbu: akan ajiye masarar shekara biyu ko uku. Harajin encomienda ya riga ya kwashe wannan ajiya. Wani fada mai suna Juan Bernal ya rubuta a 1669 cewa shekara uku ba a girbe komai ba, mutane na mutuwa a bakin hanya da cikin ɗakunansu, kuma a Las Humanas kaɗai fiye da mutum 450 yunwa ta kashe. Ya ce su kansu Sifaniyawan fatar shanu suke gasawa su ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Las Humanas shi ne, garin yana kan tudu ne babu kogi babu ƙorama, da rijiyoyi da ramukan tara ruwan sama aka dogara. A wannan wuri aka fara gina sabon ƙaton coci na San Buenaventura a 1659, ana cikin aikin yunwa ta shigo. Na tsaya a cikinsa da rana tsaka, iska na kaɗawa, gorar ruwana ta kusa ƙarewa, ina lissafin tulu nawa aka zuba a kwaɓin ƙasar wannan bango.

Ana wata ga wata. Apache, waɗanda da abokan ciniki ne, su ma fari ya taɓa su, ga shi gwamnonin Sifaniya sun daɗe suna kai musu hari suna kama mutanensu su sayar a matsayin bayi. Masarar da za a saya babu, sai suka koma ɗauka da ƙarfi, kuma yanzu suna da dawaki. Garuruwan Salinas su ne a bakin iyaka. Annoba ta sake faɗowa a 1671. Wajen 1672 mutanen Las Humanas suka tashi, na Abó suka bi su bayan kamar shekara guda, Quarai ya watse wajen 1677. Masu Tompiro suka gangara wurin danginsu Piro a bakin Rio Grande. Mutanen Quarai suka fara komawa Tajique, daga nan suka wuce Isleta, inda ake yin harshensu. Rufin cocin ya ci wuta daga baya, ruwa da iska suka yi sauran aikin.

Shekarar 1680

Sauran kangayen jihar labarinsu daban ne, kuma ya kamata yaron ya san shi tunda a ƙasar yake zaune. Mutane sun ga an hana rawar ruwa, ruwa kuma ya ɗauke, sai suka koma kiva a fili. A 1675 gwamna Juan Francisco Treviño ya kama shugabannin addini 47 da sunan matsafa ne, ya rataye uku, ɗaya ya kashe kansa, aka yi wa sauran bulala a bainar jama'a. Mayaƙan Tewa kimanin saba'in suka shiga gidan gwamna a Santa Fe suka ce a sake su, aka sake su. Cikin waɗanda suka sha bulalar akwai Po'pay, mutumin Ohkay Owingeh. Ya koma Taos, can arewa nesa da idon gwamna, ya shekara biyar yana ƙulla abin da ba a taɓa yi ba, wato haɗa kan garuruwa fiye da ashirin masu harsuna daban-daban.

Dabarar sanar da rana ita ce igiya mai ƙulli. 'Yan gudu suka kai wa kowane gari igiya, kullum a kwance ƙulli ɗaya, ranar da na ƙarshe ya kwance ita ce ranar. Sifaniyawa suka kama samari biyu 'yan Tesuque da igiyar a ranar 9 ga Agusta, sai aka matso da lokacin, aka tashi washegari, 10 ga Agusta 1680. An kashe Sifaniyawa kimanin 400 da limamai 21 daga cikin 33. Aka kewaye Santa Fe, aka toshe hanyar ruwan da ke shiga garin. Ranar 21 ga wata gwamna Antonio de Otermín ya fice da waɗanda suka rage, mutum kusan 2,000 suka gangara kudu zuwa El Paso, mayaƙan na kallonsu daga kan tuddai ba su tare su ba.

An ƙone coci-coci, an farfasa ƙararrawa. Po'pay ya ce kowa ya shiga kogi ya wanke baftisma da saiwar yucca, wadda ita ce sabulunsu, ya ajiye sunan Kirista. Ya ce a bar shuka irin Turawa ma, amma nan mutane ba su bi shi sosai ba, tumaki da alkama sun riga sun zama nasu. Shekara goma sha biyu ƙasar tana hannun masu ita. Diego de Vargas ya dawo a 1692, a ƙarshen 1693 ya ƙwace Santa Fe da jini, aka sake wani tashin a 1696 aka murƙushe shi. Amma Sifaniyawan da suka dawo sun ji jiki. Ba a maido da encomienda ba, kuma limaman ƙarni na gaba sun koyi kau da kai daga abin da ake yi a kiva. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa har yau ake yin harsunan Pueblo da raye-rayensu a garuruwan kakanninsu.

Ba kowa ne ya shiga tashin ba. Ba a gayyaci Piro ba, kuma da yawansu, tare da wasu mutanen Isleta, sun tafi kudu da Sifaniyawa, wasu da son ransu wasu a tilas. Garin Ysleta del Sur da ke El Paso a jihar Texas daga nan ya samo asali. A ɓangaren Piro da Tompiro ne maganar Alhaji ta fi kusa da gaskiya, domin harshensu ya mutu, jikokinsu da yawa sun gauraya da jama'ar yankin, ko da yake akwai waɗanda har yanzu suke riƙe da sunan.

Pecos da Acoma

In yaron yana da hali ya je Pecos, gabas da Santa Fe. Gari ne da ya kai mutum 2,000 lokacin da Turawa suka zo. Cocin da aka gama a can a 1625 shi ne mafi girma a yankin, an ƙiyasta ya ci tubali kusan 300,000. A 1680 mutanen garin suka rushe shi, suka haƙa kiva a cikin gidan fada. Kangon da ake gani yanzu na ƙaramin cocin da aka gama a 1717 ne, yana zaune a cikin harsashin na farkon kamar ƙwarya a cikin masaki, har sai a 1967 masu tono suka gane cewa gini biyu ne. Pecos a hankali ya ƙare: harin ƙabilar Comanche, agana, da baƙin manoma da suka yi ta cin gonakinsa. A 1838 mutum kamar ashirin da suka rage suka kwashe kayan ibadarsu suka koma Jemez, inda ake yin Towa irin nasu.

Ba su manta ba. Daga 1915 zuwa 1929 wani masanin tono, Alfred Kidder, ya haƙe kaburburan Pecos aka kai ƙasusuwan jami'ar Harvard. Bayan dokar da Amurka ta yi a 1990 kan maido da irin waɗannan gawarwaki, mutanen Jemez suka nemi nasu. A 1999 aka maido musu da ƙasusuwan mutum kusan 2,000, suka tako a ƙasa daga Jemez zuwa Pecos, suna bin hanyar da kakanninsu suka bi a 1838, suka sake binne su. Ni da sana'ata ta dogara da abin da irin su Kidder suka tono, ba na iya karanta littattafansu yanzu ba tare da na tuna kakannin wasu ne aka ɗebe ba a tambaye su ba.

Acoma kuwa, garin da Oñate ya ƙone, yana nan a kan dutsensa mai tsayin sama da mita 100, da mutanensa. Cocin San Estevan da aka fara a 1629 bai rushe ba. Kakanninsu ne suka hau da ƙasar ginin a baya, suka ɗauko azara a kafaɗa daga dutsen Taylor, tafiyar kilomita kusan hamsin. Suna faɗin wahalar da aka sha ba ɓoye-ɓoye, kuma su ne ke yaɓe cocin suna kula da shi, don sun ce gumin iyayensu ne a jikinsa. Ranar 2 ga Satumba sukan yi bikin waliyyin garin, a yi addu'a a coci, a fito da mutum-mutuminsa fili, a yi rawar gargajiya a gabansa har yamma.

Yau akwai garuruwan Pueblo 19 a jihar New Mexico, kowanne da gwamnansa da ƙasarsa. Gwamnonin suna riƙe da sandar girma mai kan azurfa, al'adar da ta faro daga umarnin sarkin Sifaniya na 1620, da wata sandar da shugaba Abraham Lincoln ya aiko musu. A 2005 aka kafa mutum-mutumin Po'pay a ginin majalisar dokokin Amurka, riƙe da igiyarsa mai ƙulli, kuma ɗan Jemez ne ya sassaƙa shi. Deb Haaland, wadda ta yi ministar harkokin cikin gida ta Amurka daga 2021 zuwa 2025, ma'aikatar da ke kula da kangon Quarai, 'yar garin Laguna ce. Raunin Acoma ma bai warke ba: lokacin da ake shirin bikin cika shekara 400 da zuwan Oñate, wasu suka je da dare suka yanke ƙafar dama ta mutum-mutuminsa da ke garin Alcalde a lokacin.

Ki ce wa yaron in ya sami hutu a ƙarshen watan Agusta ya gangara Isleta, lokacin bikin waliyyi Augustine. Cocin garin ya girmi na Quarai da 'yan shekaru, kuma har yanzu ana ibada a cikinsa. Ya sa tufafi na mutunci, ya tsaya inda baƙi ke tsayawa, kada ya tafa in an gama rawa, kada ya kusanci kiva ko ya tambayi ma'anar abin da ya gani. In wani gida ya kira shi cin abinci ya shiga ya ci, ya yi godiya, ya tashi ya ba na bayansa wuri. Wayarsa kuma ta zauna a aljihu, don a irin wannan rana yawancin garuruwan ba sa yarda a ɗauki hoto. Wannan karon sai dai ya ba ki labari da baki.